Ahmed Musa da Kujerar Manajan Pillars

Na san akwai wanda zai buɗe wannan mujalla ya ga sunan ɗan ƙwallo a kan shafi, ya ce me ya haɗa Ƙungiyar Hausa da tamaula? To, a yi mini haƙuri. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kallon talabijin na ɗalibai ranar Asabar da yamma ya san babu abin da matasa suke tattaunawa da Hausa zalla, da zafi, da hujja a kan hujja, kamar ƙwallo. In har muna nazarin dambe da kokawa da sharo a aji muna samun maki, ban ga dalilin da zai sa mu kau da kai daga wasan da ya fi su duka tara jama'a a Kano ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin da ya fito a watan Yuli na 2025, cewa Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya naɗa sabuwar hukumar gudanar da Kano Pillars, ya kuma ba Ahmed Musa muƙamin babban manajan ƙungiyar. A lokacin Ahmed yana da shekara 32, kuma yana cikin 'yan wasan da suke buga wa ƙungiyar. Gari ya ɗauki murna, ni ma na yi. Amma tun ranar akwai tambayar da ta tsaya mini a rai: shin aiki aka ba shi, ko kuwa rawani aka naɗa masa?

Bari mu fara da kalmar kanta, tun da nazarin harshe ne sana'armu. Kalmar manaja ta shigo Hausa tun zamanin kantunan Turawa da bankuna, kuma Bahaushe ya san ta da ma'ana guda, watau mutumin da yake zaune a ofis, makullin sito da littafin kuɗi suna hannunsa. Amma a bakin masu kallon ƙwallon Ingila ta sami ma'ana ta biyu, domin can wanda yake tsayawa a gefen fili yana zaɓen 'yan wasa goma sha ɗaya shi ake ce wa manaja. Shi ya sa ranar da labarin ya fito na ji wani abokina yana cewa daga yau Ahmed ne zai riƙa tsara wasa. Ba haka ba ne. A ƙungiyoyinmu na gida mai tsara wasa shi ne koci, watau mai horarwa. Babban manaja kuwa manajan nan ne na asali wanda kakanninmu suka sani a kanti. Shi ne zai san ko an biya albashi, kwantiragin wa ya kusa ƙarewa, wace mota za ta kai yara Fatakwal, a wane masauki za su kwana, nawa aka tara a ƙofa ranar Lahadi, 'yan sanda nawa za a nema, wane kamfani zai sa sunansa a gaban riga ya biya. A samansa akwai shugaban hukuma, a saman hukuma kuma akwai gwamnati mai ƙungiyar. Duk cikin ayyukan nan babu wanda ake yi da ƙafa.

Ƙafa kuwa ita ce ta kai Ahmed duk inda ya je a duniya, don haka sai a ba ta haƙƙinta. An haife shi a Jos ran 14 ga Oktoba, 1992. Jos tsohon garin ƙwallo ne, don Mighty Jets ta can ita ta fara cin gasar lig ta ƙasa a 1972. Ya taso a makarantar koyon ƙwallo ta GBS, ya ɗan taɓa wasa a JUTH, sa'an nan aka ba Pillars aronsa a kakar 2009/2010. Yana ɗan shekara 17 ya jefa ƙwallo 18 a raga a wannan kaka, ya wuce 17 ɗin da Ishaya Jatau ya ci tun 1990. Daga nan VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, har sai da ya jira ya cika shekara 18 kafin doka ta yarda ya buga mata. A Janairun 2012 ya wuce CSKA ta Mosko, inda ya ci gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. Yana cikin waɗanda suka ɗauko wa Nijeriya kofin Afirka a 2013 ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, shi ne ma ya ci ƙwallo ta huɗu a ragar Mali a wasan kusa da na ƙarshe.

Ni dai a 2014 na san shi sani na gaske, ina da shekara 11. Waɗanda suke da wayo a lokacin sun tuna irin shekarar da muka yi a Arewa. A watan Afrilu aka sace 'yan matan Chibok. Ran 17 ga Yuni bom ya tashi a wani gidan kallon ƙwallo a Damaturu ana tsakiyar kallon wasan Barazil da Meziko. Washegari Baba ya tara mu ya ce duk wanda ya ƙara taka gidan kallo to ya kuka da kansa. Saboda haka wasan Nijeriya da Ajantina na ran 25 ga wata a zauren wani maƙwabcinmu muka kalle shi, da ɗan janareto, yara a ƙasa manya a kan benci. Minti 3 da farawa Messi ya ci. Ba mu gama tsaki ba Ahmed ya karɓi ƙwallo daga hagu, ya gyara ta, ya lanƙwasa ta can kusurwar raga. Messi ya ƙara da bugun tazara dab da hutun rabin lokaci, ana dawowa da minti 2 Ahmed ya sake ramawa. An cinye mu 3 da 2, amma babu wanda ya fita daga zauren nan da baƙin ciki. Akwai wani dattijo a unguwarmu wanda bai san komai a ƙwallo ba, ihu ne ya fito da shi. Ya leƙo ya ce, "Wai yaron nan namu ne?" Aka ce, "Na Pillars ne, Baba." Ya ce, "Madalla," ya koma. A shekarar da in ka ji an ambaci Arewa a rediyon waje sai gabanka ya faɗi, sai ga duniya tana kiran wani suna irin namu a kan abin alheri. Wanda yake so ya gane ƙaunar da Kanawa suke yi wa Ahmed, to daga nan zai fara.

A 2016 Leicester City, wadda ta ba duniya mamaki ta ci gasar Ingila a shekarar, ta saye shi a kan fam miliyan 16 da dubu 600. A nan masu yabonsa suke saurin wucewa, ni kuwa zan ɗan tsaya. Ahmed bai yi nasara a Ingila ba. Ya ci Barcelona biyu a wasan sada zumunci, ya ci Everton biyu a gasar FA a Janairun 2017, amma a lig ƙwallo 2 kacal ya samu. Aka kori Claudio Ranieri wanda ya kawo shi, ya koma ɗumama benci, har a Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA aro. A ganina wannan shekara ɗaya da rabi za ta fi yi masa amfani a ofis fiye da ƙwallayen Barazil, domin wanda bai taɓa sa riga ya zauna minti 90 yana kallo ba, bai san da wane baki ake yi wa yaron da koci ya ajiye magana ba.

Sauran labarin kowa ya sani. A gasar duniya ta 2018 ya ci Ayislan biyu a Volgograd, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci ƙwallo a gasar duniya biyu, kuma da ƙwallo 4 babu ɗan ƙasar da ya kai shi a gasar. Ya je Al-Nassr ta Saudiyya ya ci lig a 2019, ya leƙo Pillars na 'yan watanni a 2021, ya yi Turkiyya a Fatih Karagümrük da Sivasspor, sa'an nan a Oktoban 2024 ya dawo gida, ya ci Sunshine Stars biyu a wasansa na farko. A gasar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024 shi ne kyaftin, amma har aka kai wasan ƙarshe bai taka fili ba, kuma bai fito ya yi ƙorafi ba. A Disamban 2025 ya sanar ya daina buga wa Nijeriya, bayan wasa 111, adadin da babu wanda ya kai kafin shi.

To, me ya sa da aka ba mutum mai irin wannan tarihi ofis ba mu ga wani abin tambaya ba? Ina jin amsar tana cikin al'adarmu. Bahaushe ya saba shugabancin sana'a a ba ɗan sana'a. Sarkin Maƙera maƙeri ne, Sarkin Fawa mahauci ne, Sarkin Dambe galibi tsohon ɗan dambe ne wanda ya sha kisa ya kuma kashe. Amma sarautar da ta fi kama da ta Ahmed a idon jama'a ita ce ta Sarkin Noma. A wasu sassan ƙasar Hausa, musamman wajen Maraɗi, mutum yakan kai ga wannan suna ne in ya noma dami dubu, sa'an nan ya tara jama'a ya yi biki ya rabar. Abu biyu ke nan, bajinta da kyauta. Ahmed ya yi dubunsa a fili, kyautarsa kuwa ba ta ɓuya. Ya gina wurin wasanni a Kano, yakan raba abinci da azumi, kuma a 2022 da labari ya bazu cewa Kingsley Obiekwu, ɗaya daga cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya zinare a wasannin Olamfik na 1996, yana tuƙa motar haya don ya ciyar da iyalinsa, Ahmed ya aika masa da naira miliyan 2. Allah ya saka masa. Sai dai shi Sarkin Noma babu wanda yake bin sa albashi a ƙarshen wata. In ya ba ka, ka gode, in bai ba ka ba, ba ka da ta cewa. Manaja kuwa abin da yake bayarwa haƙƙin mutane ne, mai karɓa ba sai ya durƙusa ba. Tsorona shi ne mun ɗora Ahmed a kujerar manaja alhali a zuciyarmu Sarkin Noma muke nema, watau wanda in gwamnati ta yi jinkirin sakin kuɗi zai sa hannu a aljihu ya rufa asiri. In haka ta faru za a yi ta yabonsa, amma ranar da ya tashi daga kujerar ƙungiya za ta koma inda ya same ta, domin aljihun da shi zai tafi.

Wannan magana ta albashi ba a littafi na karanta ta ba, a gidanmu na gan ta. Yayana, wanda nake bi wa da shekara takwas, ya yi ƙwallo. Lamba uku yake bugawa, kuma duk unguwa an yarda ya iya. Ya shiga wata ƙungiya ta ƙaramin rukuni a wata jiha, aka yi masa alkawarin kuɗin sa hannu, aka ba shi rabi, aka ce sauran sai kaka ta yi nisa. Takardar da ya sa wa hannu ko kwafi ba a ba shi ba. Yakan dawo hutu ya ba mu labarin tafiyar dare a ƙaramar bas, mutum goma sha takwas da jakunkunansu, a isa da asuba a buga wasa da la'asar, a juyo a daren don babu kuɗin masauki. Alawus ɗin cin wasa kuwa sai a tara na wasa huɗu a biya na ɗaya. A kakarsa ta uku gwiwarsa ta goce a wani fili mai ramuka. Ƙungiya ta biya kuɗin hoto a asibiti, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Baba ne ya sayar da tumakin Inna aka yi ta yawo tsakanin likita da maɗori. Yau a-daidaita-sahu yake ja, in ya daɗe a zaune sai ya dafa kafin ya miƙe. Da na kai masa labarin naɗin Ahmed ina ta zumuɗi, sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro ne. Ni ba teburin lig zan duba ba. In ka ji yaran sun daina cin bashin mai shayi, to ya yi aiki." Na ce, "Yaya, ai shi ya san wahalar." Ya ce, "Ya sani mana. Sani daban, iko daban."

Rabin farko na maganarsa shi ne babbar hujjar masu goyon bayan naɗin, kuma hujja ce mai ƙarfi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sau da yawa waɗanda ake ɗorawa a kan ƙungiyoyin jihohi 'yan siyasa ne da aka rasa inda za a sa su, ba su taɓa kwana a sansanin 'yan wasa ba. Ahmed ya kwana. Ya san hanyoyin ƙasar nan da ƙungiyoyi suke bi, hanyoyin da a watan Maris na 2015 'yan fashi suka tare motar Pillars a kansu tana kan zuwa Owerri, suka harbi 'yan wasa biyar. Daɗin daɗawa ya ga yadda ake yi a wasu wurare. Wanda ya yi shekaru a Mosko da Leicester ya san ɗan wasa yana da likitansa da inshorarsa, ya san kwantiragi takarda ce da lauya yake karantawa kafin a sa hannu. Kuma yana da abin da babu wani manaja a gasar da yake da shi: in ya buga waya, attajiri zai ɗauka.

Amma ganin yadda ake yi daban ne da iya yi. Marar lafiyar da ya shekara a asibiti ya san kowane lungu nasa, wannan bai sa a ba shi wuƙar fiɗa ba. Tsofaffin 'yan wasan da suka yi suna a ofis koyon aikin suka yi. Uli Hoeness na Jamus ya ci kofin duniya a 1974, ya ci kofin Turai sau uku da Bayern Munich, ciwon gwiwa ya raba shi da fili, ya zama manajan ƙungiyar a 1979 yana da shekara 27. Shekara 30 ya yi a kujerar, ya karɓi ƙungiya mai bashi ya mai da ita ɗaya daga cikin mafiya arziki a Turai. (Daga baya an ɗaure shi a 2014 saboda ƙin biyan haraji, kada wani ya ce na ɓoye.) Edwin van der Sar na Holan, golan Manchester United, ya ajiye ƙwallo a 2011, ya koma makaranta ya karanta harkar tafiyar da wasanni, ya shiga Ajax a 2012 a sashen talla, sai a 2016 aka ba shi shugabancin ofis gaba ɗaya. Shi ma da abubuwa suka dagule a 2023 sauka ya yi. A nan gida kuwa hanyar gajera ce. A 2023 Gwamnan Abiya ya naɗa Nwankwo Kanu shugaban Enyimba, a 2025 na Kano ya naɗa Ahmed. Daga sanarwa sai kujera.

Akwai kuma abin da ya raba Ahmed da duk waɗannan ukun, shi ne su sai da suka bar fili sa'an nan suka shiga ofis. Shi kuwa ya riƙe biyun. Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa, ni kuma ba lokaci ne kaɗai damuwata ba, ko da yake shi ma abin dubawa ne, don mutumin da ya yi atisaye da safe ya yi tafiyar kwana biyu zuwa wasa, yaushe zai zauna da akawu? Babbar damuwata ita ce koci. Ka sa kanka a matsayinsa. Ranar Lahadi kai ne shugaba, kai za ka ce wane ya shiga wane ya fita. Ranar Litinin kuma ɗaya daga cikin yaranka shi ne wanda takardar kwantiraginka take bi ta teburinsa. In ƙafarsa ta yi nauyi a minti na 60, za ka iya ɗaga lambarsa? Ko da Ahmed mutum ne mai sauƙin kai, kuma zamansa a benci a Kwaddibuwa ya nuna haka, kunya kaɗai ta isa ta ɗaure hannun koci. Haka kuma yaron da yake neman lamba bakwai, wa zai kai wa kukansa? Ko a dandalin dambe ba a taɓa ganin Sarkin Dambe ya ɗaura hannu ya shiga fage a ranar da yake rabon faɗa ba.

Ba a daɗe ba kuwa ofis ya nuna irin nauyinsa. Ranar Lahadi 12 ga Oktoba, 2025, Pillars ta karɓi Shooting Stars ta Ibadan a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Pillars tana gaba da ci ɗaya, baƙi suka rama a ƙarin lokaci, aka tashi 1 da 1. Sai wasu 'yan kallo suka tsallako cikin fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi, har sai da aka harba barkonon tsohuwa. Hukumar gasar ta cire wa Pillars maki 3 da ƙwallo 3, ta ci ta tarar naira miliyan 9 da rabi, ta rufe filin, ta mayar da wasanninta na gida Katsina. Ahmed ya fito ya ba da haƙuri da sunan ƙungiya, kuma ya kyauta, don ba kowane shugaba ne a ƙasar nan yake iya furta kalmar ba. Amma a lura, duk abin da ya lalace a ranar aikin ofis ne. Mutum nawa aka bari suka shiga? Da tikiti ko da sanayya? Jami'an tsaro nawa ne tsakanin 'yan kallo da fili, kuma ina suka dosa da aka busa tashi? Wa ya zauna da shugabannin magoya baya kafin wasa? Kuma ba sabon ciwo ba ne. A 2022 ma an cire wa Pillars maki saboda rikici a fili, a kakar da ta faɗa ƙaramin rukuni, sai a 2023 ta dawo. Duk wanda ya karɓi kujerar manajan Pillars, wannan shi ne fayil na farko da ya kamata ya buɗe.

Mu magoya baya ma muna da namu kason a nan. Muna alfahari da cewa daga 2003 zuwa 2015 an yi wasa 202 ba a ci Pillars a gida ba, har sai da Nasarawa United ta zo ta karya. Muna alfahari da kofunan lig na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da fitar da Al Ahly ta Masar a 2009. Duk gaskiya ne. Amma kirarin Sai Masu Gida ya shiga kan wasu har suna ganin canjaras a Ƙofar Mata cin mutunci ne da sai an rama da hannu. Bahaushe kuwa da karrama baƙo aka san mai gida. A nan ne nake ganin farin jinin Ahmed zai yi aikin da na wani ba zai yi ba, domin yaran da suke tsallake waya ɗin nan su ne masu manna hotonsa a bayan babur. In ya ce duk wanda aka kama ba zai ƙara shiga filin ba, ya kuma tsaya a kan maganarsa ko ɗan wane ne, za a ji. Sai dai yin haka zai rage masa masoya, kuma mutumin da ya saba da tafi tun yana ɗan shekara 17, ba ƙaramin abu ba ne ya zaɓi a yi masa ihu.

Saura rabin maganar Yaya na biyu, watau iko. Pillars ta gwamnati ce tun da aka kafa ta a 1990 ta hanyar haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Kuɗinta daga baitulmalin jiha yake fitowa, kuma hukumarta da alƙalamin gwamna ake naɗa ta, da shi ake rushe ta. Manajan da bai san ko zai kai baɗi ba, da wuya ya shuka abin da sai bayan shekara biyar zai yi 'ya'ya. Ga shi kuwa a 2025 Remo Stars ta Ikenne, ƙungiyar wani ɗan kasuwa, Kunle Soname, mai filinta da makarantarta ta yara, ita ta ci gasar. Abin kunya ne a ce Kano, garin Kantin Kwari da Singa da Dawanau, garin da Raccah Rovers ta ci lig tun 1978, ba ta iya riƙe ƙungiya guda sai an jira takardar sakin kuɗi daga ma'aikata. Ahmed ba shi da ikon sayar da Pillars, amma yana da ikon ya sa ta fara samun nata na kanta, ta yadda jinkirin ma'aikata ba zai zama yunwar ɗan wasa ba.

Zan kawo misali guda, wanda shi kansa Ahmed ne a tsakiyarsa. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 16 zuwa sama tana da kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ware. Mu lissafa da cinikin Leicester. Kashi 5 na fam miliyan 16 da dubu 600 shi ne fam 830,000. Ke nan ƙungiyar da ta riƙe shi shekara guda cur bayan ya kai 16 tana da wajen fam 83,000 daga wannan ciniki kaɗai, ban da na Rasha da na Saudiyya. Tun 2022 FIFA ta buɗe wani ofis na musamman wanda yake karɓar irin wannan kuɗi ya aika wa masu shi, amma da rajista yake aiki. Ƙungiyar da za a aika wa ita ce wadda aka shigar da sunan yaro a ƙarƙashinta a kwamfutar hukumar ƙwallo, da ranar da ya zo da ranar da ya tafi. Yaran da suke buga ƙwallo a filayen Fagge da Gwale da Brigade, waɗanda dillalai suke kwasa zuwa Turai da ƙasashen Larabawa, kowannensu yana iya zama irin wannan kuɗi shekara goma nan gaba. Abin da ake bukata shi ne ƙungiyar matasa mai koci da likita, da akawu guda wanda zai rubuta sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa ta gaskiya, ya ba shi kwafin takardarsa ya kai wa iyayensa, ya ajiye ɗaya a fayil ɗin da sabuwar hukuma za ta tarar in an rushe wannan.